Densiyo da Algaitarsa ta Ƙarfe

Ranar Talata sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida ina tsoma burodi a kofi, sai ga Rodel a kan babur. Bai ko kashe injin ba, ya ce, "Ninong, Tatay ya cika." Tatay shi ne Baba a yarenmu. Ninong yake ce mini domin ni na riƙe shi a coci ranar baftismarsa, kuma tun daga ranar ni da ubansa muka koma kiran juna Pare, ba ma kama suna sai magana ta yi nauyi. Na ajiye kofin, na ce masa ya kashe babur ɗin nan, ya cika mini kunne. Abin da ya fara fita daga bakina ke nan a kan mutumin da muka yi shekara hamsin da ɗoriya muna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Allah da Ya ba mu aron Gaudencio Mangahas, wanda duk garin nan ya sani da Mang Densiyo, Ya karɓi abinSa yana da shekara saba'in da takwas. Mu ma da muka rage, ranar mayar da mu tana nan tafe.

Pare, an ce in rubuta wani abu a kanka, wai ni na fi kowa saninka. Na yi ta ɗaukar biro ina ajiyewa. Na gaji, Pare. Tun muna samari muke bin bayan akwatin gawa a ƙungiyar badujalar garin nan, kai da kilarinet ɗinka, algaitar nan taka ta ƙarfe, ni da babban ƙaho rataye a kafaɗa. Rabin mutanen da ke kwance a maƙabarta mu muka raka su. Mun raka malamanmu, mun raka waɗanda suka hana mu 'ya'yansu, mun raka yaran da aka haifa a gabanmu. Na ɗauka zuciyata ta yi kanta kamar kafaɗata, ashe da saura. Ga shi kuma ka tafi ka bar ni da alkawari, ka kuwa san ni da alkawari ba ma shiri.

Kafin in zo kan alkawarin, bari in faɗi irin mutumin da aka rasa, domin yaran yanzu tsoho kawai suka sani mai zama a benci yana gyaran kayan busa. Akwai shekarar da Aling Sepa mai wainar shinkafa ta rasa ɗanta. Ba ta da abin ɗaukar badujala, shugabanmu na lokacin kuma ya ce ƙungiya ba gidan sadaka ba ce. Ranar jana'izar aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina kwance na ji busa tana tahowa ta kan titi, na leƙa, sai ga ka kai kaɗai cikin farin kwat ɗin ƙungiya, kana bin bayan ɗan akwatin, ruwa yana zuba ta bakin algaitar kana ci gaba da busa. Kunya ta kama ni na fito, amma ban ɗauko ƙaho ba, laima na ɗauko. Na riƙe maka ita har maƙabarta, ina tafe ina zaginka a zuci. Da muka dawo ka ce, "Ka ga amfanin ƙarfe? Da ta katako ce da yau ta tsage." Ba ka taɓa ɗaga maganar alherin ba, ƙarfen kawai kake yabo. Aling Sepa kuwa har ta mutu ba ta karɓi kuɗin waina a hannunka ba, ni da na riƙe laima kullum sai na biya.

Duk wanda abin busarsa ya lalace a lardin nan gidanka yake nufa. Ka kunna kyandir, ka narka danƙo, ka yanko 'yar fata ka toshe ramin da yake zubar da iska, in ya ce nawa ne ka ce ya je ya busa daidai, shi ne biyanka. Ni kaina ƙahona ya sha hannunka. Kana gyara kana tsokana, wai jaki ma in aka rataya masa abin nan zai iya aikina, tunda murya biyu ce kawai, bum da bum. Ni kuma in ce ai gara ni, ba na busa bututun famfo. Haka matasan ƙungiya suke kiran algaitarka a bayan idonka, ka sani, ka yi kunnen uwar shegu da su.

In aka taɓo tarihinta kuwa, sai mutum ya nemi wurin zama. Ka ce Amurkawa suka kawo su zamanin da suke mulkinmu. A can ƙasarsu an ƙera su dubbai domin sojoji da 'yan makaranta, saboda katako ba ya jure rana da ruwa, ƙarfe kuwa ko an yar da shi a fili sai a ɗauka a kaɗe. Mu nan da damina take cin rabin shekara, ai kamar don mu aka yi su. Lokacin ubanninmu ba garin da badujalarsa ba ta da layi guda na algaitun ƙarfe suna ƙyalli. Daga baya aka fito da na roba, masu sauƙi da araha, sai aka fara cewa na ƙarfe muryarsu tsini gare ta, kayan yara ne. Ka yarda da yawansu na banza ne, an yi su don a sayar da sauri. Amma taka, ka ce, ba ta cikinsu. Taka bango biyu gare ta, bututu a cikin bututu, da iska a tsakani, shi ya sa muryarta take da kauri, kuma irinta kaɗan aka yi. Mahaifinka ya same ta bayan yaƙi a hannun wani sojan Amurka mai busa, ya ba shi zakaran faɗa a madadinta. Wani lokaci in ka sha giyar kwakwa zakaran yakan zama alade, amma ni dai zakara na fi ji.

Ban taɓa jin muryar da ta kai tata ba, wannan kam zan faɗa yanzu tunda ba ka nan balle ka yi mini dariya. In muka shigo kwanar coci da gawa ka ɗauki waƙar kai kaɗai, mata sukan daina kukan da suke yi da ƙarfi su koma yin shi a hankali.

Sai tsara ta fara ƙarewa. Duk wanda ya mutu, 'ya'yansa su buɗe akwatin busarsa su rasa yadda za su yi da abin ciki. A nan Boyet ya samu kasuwa. Boyet ɗan garin nan ne, mai yawo gida-gida yana sayen tsofaffin kaya, dutsen guga na gawayi, keken ɗinki, agogon bango, ya kai Manila. Da Mang Ambo ya rasu, wanda ya yi shekaru yana tsaye a gefenka a layi, Boyet ya saye tasa algaitar tun ba a yi addu'ar kwana tara ba. Ba mu san inda ta nufa ba sai da aka ɗauke mu busar biki a wani gidan cin abinci na masu hali a bakin Manila. Muna shiga, ga ta a kan teburi kusa da ƙofa, an kafa ta a tsaye a kan katako, an zura mata waya ta ciki, an ɗora mata ƙwan lantarki da 'yar hula a ka. Na ce ƙila wata ce. Ka matsa, ka nuna mini facin dalma a ƙasan maɓalli, ka ce, "Hannuna ne wannan." Ranar an kawo gasasshen alade har teburinmu, ba ka taɓa ba.

A motar dawowa kowa yana gyangyaɗi, ka taɓo gwiwata ka ce, "Turing." Da na ji sunana na san ba lafiya ba.

"In na riga ka, kada ka bari a sa wa tawa ƙwai a ka."

Na ce, "Haba Pare, ai gara ta yi haske, ko ba komai ta yi wa mutane amfani sau ɗaya a rayuwarta."

Ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Ba wasa nake ba. Ambo ya yi shekara arba'in yana zuba numfashinsa a cikin abin nan, yau yara suna jingina leda a jikinta. Ka rantse."

Na rantse, don in samu in yi barci. Na ɗauka ni zan riga ka, tunda ni ne mai hawan jini, ni ne mai taba, kai kuwa ko mura ba ta cika kama ka ba.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne Mista Lakson. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya a Manila, ba shi da aiki sai tara tsofaffin kayan busa. An ce ɗaki guda ya ware musu, da kabad na gilashi da na'urar sanyi, kowace da takardar tarihinta. Wata shekara ya zo bikin waliyyin garinmu, ya hango algaitarka daga bakin titi muna cikin jerin gwano, ya gane kaurinta, ya biyo mu da sassarfa yana haki, tsoho da shi. Da muka tsaya a harabar coci ya roƙi ya riƙe ta. Ka hana. Ranar biki ce, an goge ta jiya-jiya, ba mai ɗora mata yatsa ko da limamin coci ne. Ya yi dariya, ya ce masu bango biyu su ne ake nema har Japan da Amurka, duk ranar da ka shirya rabuwa da ita ka neme shi, zai ajiye ta yadda ba ƙura ba tsatsa. Ka ce ba yanzu ba. Amma tun daga ranar kakan ce, in ba a samu mai busa ta ba, ko ba komai akwai kabad ɗin Lakson. Ni ma na ce alkawarina ya zama na kiran waya ɗaya.

Maganar gugar nan, wanda ba ɗan badujala ba ba zai san nauyinta ba. Jajibirin kowane biki matanmu sukan taru a zauren ƙungiya, kowace da kayan mijinta a cinya, da tokar ƙaiƙayin shinkafa, da lemun tsami, da tsumma. Su yi ta dirza suna gulma har hannu ya yi ja. Haka iyayensu suka yi. Washegari mutanen gari ba busa kawai suke saurare ba, suna duba wa ya fi ƙyalli, kuma wanda kayansa suka dusashe matarsa ake zagi. Aling Luming, matarka, ba a taɓa kayar da ita ba. Marigayiya matata takan dawo tana ƙunƙuni, wai Luming an ba ta ɗan siririn abu tana taƙama, ita an haɗa ta da tukunyar dafa wa gari abinci. Kuma Luming ba ta tsaya ga biki ba. Jana'iza, ɗaurin aure, har gaisuwar magajin gari, sai ta goge. Kai kuma ka fito kana juya ta a rana da gangan, don hasken ya shiga idona.

Da ka cika, na bari aka kwana biyu, sannan na sa Rodel ya kira Mista Lakson. Ya zo da rana, kana kwance a falo cikin akwatinka, 'yan karta suna ƙarƙashin rumfa a waje kamar yadda ake yi a zaman makoki a nan, mata suna raba kofi da biskit. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba. Sai da ya tsaya a kanka ya yi addu'a, ya gai da Luming, sannan ya zauna ya sa farar safar hannu. Luming ta ɗauko algaitar da kanta. Ashe da asuba ta tashi ta sake goge ta saboda baƙo. Da ta buɗe akwatin har 'yan karta suka leƙo ta taga.

Ya ɗaga ta, ya auna nauyinta a hannu, ya gyaɗa kai. Ya fito da gilashin ƙara girma ya duba bakinta mai faɗi, inda maƙera suke zana sunansu da furanni. Ya juya. Ya sake juyawa. Ya koma sama yana neman lamba.

Ya ce, "Aling Luming, wa yake goge ta?"

Ta gyara zama ta ce, "Ni mana. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ba wanda ya taɓa yi sai ni."

"Da me?"

"Toka da lemun tsami. Ko akwai abin da ya fi?"

Ya cire gilashin ya ajiye. Ya ce a hankali, asalinta da ruwan azurfa aka lulluɓe ta, yanzu ko ɗigo babu, wannan hasken na ƙarfen ƙasa ne. Sunan maƙerin ya shafe, furannin sun shafe, lambar da za ta nuna shekararta da inda aka yi ta saura inuwar alƙalami ɗaya. Wajen baki bangon ya yi siriri har yana lotsawa in an danna. Ya ce ya yarda ta kirki ce, ya yarda da zakaran ma, amma masu tara irin waɗannan kaya suna sayen abin da za su iya nunawa ne, suna da lamba da zane, kuma duk sun tafi a tsumma. Ya ce da an bar ta ta yi baƙi ƙirin a cikin akwati, da yau ana rububinta.

Luming ta ce, "Baƙa? Ya fita gaban waliyyi da baƙar algaita kamar wanda ba shi da mata?"

Ya ce, "Na sani, Aling Luming. Kin yi abin da ya kamata ki yi. Ni ne dai ba ni da wurinta."

Na ce masa ai ba kuɗi muke nema ba, ya ɗauka kyauta, ya ba ta ko ƙasan kabad ne. Ya ce ba zai yaudare ni ba. Shi ma ya tsufa, 'ya'yansa sun riga sun yi magana da masu gwanjo, ranar da ya mutu za a tantance kayan, masu suna su tafi inda za su, marasa suna a tara wa irin su Boyet. Ya saka gudummawarsa a kwanon da ke kusa da akwatinka, ya tafi. Na so in zage shi, na duba na rasa ta inda zan kama.

Luming ba ta yi kuka ba. Ta zauna da algaitar a cinya tana kallon tafin hannunta. Ni kuwa a gabana kiran wayar da na dogara da shi ya tashi a banza.

Motar Lakson ba ta gama fita layi ba sai ga Boyet ya taso daga teburin karta, da katinsa a hannu. Ashe tun ranar farko yake zaman makokinka, kullum yana nan, na ɗauka zumunci ne. Ya ce, "Mang Turing, kada ranku ya ɓaci. Su masu gilashi ba su san abu mai kyau ba. Ni wannan ƙyallin nake so, ko fenti ba sai na yi ba. In aka sa mata hula ruwan zuma, wallahi otal za ta."

Na ce, "Boyet, ubanka ni na busa masa har kabari, kuma ban ga an sa masa hula ruwan zuma ba. Fita."

"Daga faɗin gaskiya? To ku dafa ta ku ci."

Na ɗaga sandata, Rodel ya riƙe ni. Mutum mai shekara saba'in da shida yana neman dambe a gaban gawar amininsa, ka ga inda ka kai ni. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiyar Boyet ɗin. Gugar da ta kore ta daga kabad ita ce ta sa ta fi ta kowa dacewa da fitila.

Rodel ya ce to a saka maka ita a akwati ku tafi tare, kamar yadda ake saka wa mutum tabaraunsa ko carbinsa. Na ji daɗin shawarar har na fara godiya. Luming ta ce a'a. Ramin siminti da aka kama maka a bangon maƙabarta haya ce ta shekara biyar, kowa ya san ramin da ba a sabunta ba kwashe abin da ke ciki ake yi a ba wani, kuma kowa ya san yaran da suke fasa ramuka suna neman ƙarfe. Ta ce ba za ta yi rayuwarta tana goge abu ba, ƙarshe 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli. Na bi masu busa kilarinet na ƙungiyarmu da na garin maƙwabta ɗaya-ɗaya. Kowa ya karɓa da ladabi, ya ɗora yatsu, ya mayar mini. Tsarin maɓallanta na da ne, yatsunsu ba su san shi ba, kuma ba mai barin ta robarsa ya koma koyon abin da ba za a ɗauke shi biki da shi ba. Ban ga laifinsu ba, su ma abinci suke nema.

Haka muka raka ka, algaitar tana gida a rufe. Ƙungiya ta fito gaba ɗaya, har waɗanda suka daina. Na rataya ƙaho na ce sai na kai ka da ƙafata, amma muna wuce kasuwa gwiwa ta ƙi, aka ɗora ni a babur mai kwando ni da ƙahon, ina busa bum da bum daga zaune. Da muka zo kwanar coci, inda kake ɗaukar waƙar kai kaɗai, shugaba bai sa kowa ba. Muka wuce wurin da ganga kawai.

Bayan addu'ar kwana tara Luming ta aiko in zo. Na tarar da ita da yamma ita kaɗai, Rodel ya koma aikinsa na walda a Manila. An kwashe rumfa, an mayar da kujerun aro. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan, da rana ta yi sanyi kake zama a bakin taga kana gwaji ita tana girki, har ta daina jin ka, kamar yadda mutum yake daina jin agogo. Yanzu kuwa in lokacin ya yi sai ta rasa inda za ta sa kanta, jiya har shinkafa ta ƙone. Ta buɗe akwatin ta miƙo mini.

"Busa."

Na ce, "Mare," don haka nake kiranta tun baftismar Rodel, "ni ɗan ƙaho ne. Haƙoran gaban nan ma na roba ne."

"Ban tambaye ka haƙora ba. Kai ka rantse masa, ba ni ba. Ya gaya mini. Abin da ake busawa ba a mai da shi fitila, ko ba haka ba? To busa."

Na zauna a kujerarka, na jiƙa ɗan harshen karan da ka bari a jiki, na busa. Pare, da kana kusa da ka tashi. Wani ƙara ya fita kamar an taka wutsiyar kyanwa, karen maƙwabta ya kama haushi, wata mata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Na sake, ya fi na farko muni. Luming ta shige kicin, na ji ta ɗora tukunya. Can na samo murya ɗaya mai ɗan kama da ta mutane, na riƙe ta iya numfashina. Sai na ji ta daga ciki, ba tare da ta leƙo ba, ta ce, "Ba haka yake yi ba."

Na ce na sani.

Ta ce, "To ci gaba."

Tun ranar kullum da yamma ina can. Leɓena ya kumbura, babban yatsana ya yi kanta a sabon wuri, haƙoran suna motsi, na dawo gida ba na iya tauna komai sai kunun shinkafa. Na iya muryoyi kaɗan yanzu, ban kai ga waƙa ba, kuma ban ga alamar zan kai ba. Kullum sai ta ce ba haka kake yi ba, kullum kuma sai ta zuba mini abinci. Ba ta sake goge ta ba. Na ce mata ba ta yi laifin komai ba, duk matan garin nan haka suka yi, kai ma haka kake so. Ta ce ta ji. Ban san ko ta yarda ba.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Ranar jana'iza na ga Boyet ya ja Rodel gefe, na ga Rodel ya fito da waya ya ajiye lambarsa. Yaron yana da 'ya'ya uku a ɗakin haya, ba ya busa, ba shi da inda zai ajiye akwati, kuma bai rantse wa kowa ba. Ni ne na rantse, ni kuwa shekara biyu kawai ka ba ni. Saboda haka ga iyakar abin da zan iya, Pare: muddin ina hawa matakalar gidanka, ba mai sa mata ƙwai a ka. Bayan nan kada ka tambaye ni, ka tambayi Wanda kake wurinSa.

Ya Allah, ga bawanKa Gaudencio ya zo. Ka ji ƙansa, Ka gafarta masa taurin kansa da abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya raka bayinKa da yawa zuwa makwancinsu, masu shi da marasa shi, bai bambanta ba, Kai ma kada Ka bar shi ya shiga shi kaɗai. Ka ba shi hutun da ba ya ƙarewa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sada shi da mahaifansa da Ambo da sauran 'yan layinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Aling Iluminada, wadda ta riƙe shi da kayansa fiye da yadda kowa zai iya, Allah Ya ba ta haƙuri Ya sanyaya mata zuciya. Da Rodel da matarsa da 'ya'yansu, Allah Ya buɗa musu, Ya raya su a kan halin kakansu. Da 'yan ƙungiyar badujalarmu, manya da yara, da duk wanda Densiyo ya taɓa gyara wa abin busa ya ƙi karɓar ko sisi. In kun bi ta layinsu da yamma kuka ji abin da ba ya daɗin ji, ku yi haƙuri, ku yi masa addu'a ku wuce. Ni ne, kuma gobe ma zan koma in ƙafa ta yarda.

Saturnino Balagtas Cruz, mai babban ƙaho